Komi, Gora da Kwale-kwale: Tafiya Daga Ƙasar Gumel Zuwa Bakin Kogi

Ƙasar Gumel ba ƙasar kogi ba ce. Wanda ya taso daga Kano ya nufi arewa maso gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 120 zai iske kansa cikin jigawa da rairayi. Ga gonakin gero da wake da riɗi da zoɓo, ga gawo da aduwa jefi-jefi. Damina wata uku ce ko huɗu, sauran shekara kuwa rani ne. Ruwan sha daga rijiya yake fitowa ko daga rijiyar burtsatse. Mangawa ne suka kafa sarautar wajen shekarar 1750, tana bin Barno, jihadi kuma bai ci ta ba. Da can fadar tana Tumbi, wadda yanzu take cikin ƙasar Nijar, sai a 1845 aka dawo da ita Gumel. Tun 1991, sa'ad da aka cire Jihar Jigawa daga Kano, masarautar tana cikin sabuwar jihar.

Mai karatu zai ce, to, me ya haɗa irin wannan ƙasa da zancen jirgin ruwa? Abin da ya haɗa su shi ne tafiya. Mutumin Gumel matafiyi ne. Yana cin kasuwa a kudu, yana da dangi a ƙasar Haɗeja da Ringim da Auyo, yana zuwa biki da gaisuwar mutuwa. Da damina, in ruwa ya cinye hanya ko ya karya gada, kamar yadda ya yi a wurare da yawa na Jigawa a 2012 da 2022, sai ka ga mutumin da bai taɓa yin iyo ba ya shiga kwale-kwale da matarsa da goyo. Ba ya iya bambanta jirgi mai kyau da marar kyau, bai kuma san abin da zai yi ba in jirgin ya tangaɗa. Domin irin waɗannan gidaje muka yi wannan tafiya.

Mun fara daga Sule Tankarkar, yamma da Gumel. A bakin wata rijiya a bayan gari muka iske makiyaya suna shayar da shanu. Ana jan guga, ana juyewa cikin komi, shanu suna ture juna. Yawancin komayen yanzu na siminti ne ko rabin duro, amma wanda muka gani na itace ne, gungume guda da aka rarake cikinsa da gizago. Abin lura shi ne, wannan kalma ta komi ita ce har wa yau sunan ƙaramin jirgin ruwa na sassaƙa a bakin Hausawa. Aikin ɗaya ne, masassaƙin ɗaya ne. Bambancin kawai, wannan yana tsare ruwa a ciki, wancan yana tsare shi a waje. Muka sa ƙafa muka ɗan tura komin, sai ya gangara gefe ya dawo, gama gindinsa kewayayye ne kamar yadda itacen ya tsiro. Shi ya sa makiyayan suka tokare shi da duwatsu. Mu riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

Ran Alhamis muka tafi Maigatari, a bakin iyakar Nijar. Ita ce ranar kasuwa, kasuwar kuwa ta shahara da dabbobi. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna shigowa daga ƙasar Damagaram, manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Mu dai ba dabba muka je saya ba. Muka ratsa zuwa wurin masu ƙwarya da ludayi da goruna. A nan gora na ruwan sha ne da fura da nono. Amma akwai babban gora, wanda mutum ba ya iya rungume shi da hannu biyu, shi ne jirgin talaka a ƙasashen fadama. Masunci yakan kwanta da ciki a kansa, ya sake ƙafafu cikin ruwa, yana tuƙi da hannu, yana jefa kifin da ya kama ta bakin goran. Wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu ya ga wannan.

Gora ba shi da gefe, ba shi da gindi, ko ta ina aka juya shi daidai ne. Saboda haka ba ya taimakon mai hawansa da kome wajen tsayawa, amma kuma ba ya yi masa gardama. Baƙo in ya hau, nan da nan ya sulluɓe. Gwani kuwa ƙafafunsa da hannuwansa su ne ma'auninsa. In ya zame, sai ya jawo goran ƙarƙashin cikinsa ya koma, ba wani abin da za a ce ya kife.

Daga nan muka biyo ta Gagarawa, inda layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa. An gama wannan layi a 1930, shi ne ya riƙa kwasar gyaɗar wannan yanki a zamanin da. Ba mu daɗe ba, muka kama hanyar Haɗeja. Da muka kusato sai ƙasa ta sāke. Rairayi ya ba laka wuri, gero ya ba shinkafa wuri, iska ma ta ɗauko warin ruwa.

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu. Madatsar Tiga, wadda aka gina a shekarun 1970, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992, sun sāke halinsa ƙwarai. Ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a fadamar Haɗeja da Nguru, har ruwa yakan bar tsohuwar hanyarsa ya malala cikin gonaki da ƙauyuka. Inda da ake tafiya a ƙasa, wata shekara sai da fito.

A mashigin da muka tsaya mun ga jirage iri biyu. Na farko shi ne na sassaƙa, siriri, mai kewayayyen gindi, ɗan'uwan komin nan na Sule Tankarkar. Irinsa yana raguwa, gama manyan itatuwan da za a sassaƙa sun yi wuya. Na biyu shi ne na katako, wanda kafinta yake haɗawa da ƙusa, a toshe mahaɗinsa don kada ya yi yoyo. Gindinsa a shimfiɗe yake, yana da faɗi, yana ɗaukar mutane da buhuna har da babur. Mai fito yakan tsaya a baya yana tura shi da doguwar sanda inda ruwa ba zurfi, in ya kai tsakiya ya koma ga filafili.

Muka shiga dukansu biyu. Na sassaƙa, tun ka sa ƙafa yake rawa, zuciyarka ta tsinke. Na katako kuwa shiru, kamar ka taka daɓen ɗaki. Duk baƙon da aka ce ya zaɓa, na katako zai zaɓa. Amma zancen bai ƙare a nan ba, ga dalili.

Ku ɗauki faranti da akushi, ku sa su a cikin babban baho na ruwa. Faranti zai zauna lafiya lau. Ku danna gefensa kaɗan, zai yi muku gardama. Ku ƙara dannawa, sai bakinsa ya sha ruwa, ya tafi gaba ɗaya ba sallama. Akushi kuwa da ɗan taɓawa yake karkata, amma yana iya karkata da nisa kafin bakinsa ya kai ruwa, yana kuma gargaɗinku tun da wuri. Haka jirage suke. Akwai tsayuwar fari, wato yadda jirgi yake zama daram a ruwa kwantacce. Akwai kuma tsayuwar ƙarshe, wato yadda yake riƙe kansa bayan ya riga ya karkata. Mai shimfiɗaɗɗen gindi ya fi a ta fari. In iska ta taso kuwa, gindin nan nasa yana bin fuskar igiyar ruwa, igiya ta karkata shi ma ya karkata, alhali kewayayyen gindi yakan bar igiya ta wuce ta ƙarƙashinsa.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Jirgin da yake da wuyar kifewa, in ya kife yana da wuyar tayarwa. Faɗin nan da ya riƙe shi a zaune, shi ne zai riƙe shi a kife. Ku kifa farantin nan a kan ruwa ku gani. Siririn jirgi kuwa, yadda ya mirgina ya tafi, haka yake mirginowa ya dawo. Masunta biyu suna iya juyo da shi cikin ruwa, su yi ta jijjiga shi gaba da baya har ruwan ciki ya ragu, su kwashe sauran da ƙwarya, sa'an nan su hau ta ƙarshensa, ba ta gefe ba.

Akwai waɗansu mutane a duniya da suka kai wannan sani iyaka. Su ne Inuwit na Girinlan, can arewa wajen ƙanƙara. A da ba su da gona, abincinsu daga teku yake, musamman wata dabba mai kitse da ake kira sil, wadda ta ɗan yi kama da ayu. Ruwan tekunsu yana da sanyin da mutum in ya faɗa ciki, cikin 'yan mintoci hannuwansa su daina aiki. Don haka mafarauci ba shi da damar ya faɗo daga jirgi ya yi iyo. In jirgi ya kife, tilas ya tashi da shi yana zaune a ciki. Jirginsu sunansa kayak, an kuwa gina shi ne da wannan buƙata a zuciya.

A da ƙashinsa na itacen da teku ta kawo ne, a ɗaure, a lulluɓe shi da fatar sil sama da ƙasa. Ba a bar ko'ina a buɗe ba sai rami guda daidai ƙugun mai shi. Tsawonsa kimanin mita 5, faɗinsa kuwa wajen rabin mita kawai. A da ba a yin kayak na kasuwa, kowa da nasa, ana auna shi da jikin mai shi kamar yadda tela yake auna riga. Mafarauci yana sa wata rigar fata mai suna tuwilik, wadda take matse fuska da wuyan hannu, a ɗaure bakinta na ƙasa a bakin ramin jirgin. Da haka mutum da jirgi suka zama abu guda, ko sun kife ruwa ba ya shiga.

To, yaya ake tashi? Mutum yana ƙarƙashin ruwa, kansa a ƙasa. Sai ya lanƙwashe jikinsa ya kai filafili saman ruwa, ya share shi gefe a kwance, domin filafilin ya ba shi abin dogara na ɗan lokaci. A daidai wannan lokaci sai ya murɗa ƙugu, ya ɗaga gwiwa guda, ya mirgino da jirgin ƙarƙashinsa. Jirgi ne yake fara tashi, sa'an nan gangar jiki, kai kuwa shi ne na ƙarshe. Nan ne sabon koyo yake faɗuwa, gama zuciya tana cewa fid da kai ka sha iska, kai kuwa yana da nauyi, in ya riga fita sai ya mai da mutum ƙasa.

Kowane sashe na ƙirar jirgin yana da hannu a wannan aiki. Rashin faɗi yana sa ya mirgina kamar gungume, kuma yana barin mai shi ya kai hannu saman ruwa ba tare da gefen jirgi ya tare shi ba. Bayan jirgin an yi shi ƙasa-ƙasa, domin mutum ya iya kwantawa da baya a kansa sa'ad da yake tasowa. Wannan yana kawo nauyin jiki kusa da tsakiyar jirgi, abin da yake kusa da tsakiya kuwa ba ya wuyar juyawa. In bayan ya yi tudu, ko kujera ta yi dogon jingina, sai mutum ya taso a miƙe, aikin ya ninka. Gaban ramin kuma akwai sandar da take danne cinyoyi. Ba domin ita ba, in mutum ya murɗa ƙugu sai ya juya shi kaɗai a cikin jirgi kamar ƙafa a cikin babban takalmi. Zaman ma a can ƙasa ake yinsa, kusan a kan fatar gindi. In aka ɗaga wurin zama ko da kaɗan ne, jirgi ya ƙara rawa, tashinsa ma ya ƙara wuya. Kaya kuma, in an shimfiɗa su a ƙasa an ɗaure, suna taimako, in suna yawo a ciki kuwa suna ɓata kome.

Wani Bajamushe mai suna David Cranz, na ikkilisiyar Morabiya, ya zauna a Girinlan, a littafin tarihin ƙasar da ya buga a 1765 ya bayyana hanyoyi goma da mutanen suke tashi bayan kifewa. Waɗansu da filafili, waɗansu da ɗan katakon jifan mashi, har da hannu kawai.  A 1927 wani mutumin Ostiriya, Edi Hans Pawlata, ya koya ya yaɗa shi cikin masu wasan jirgi na Turai. Yau ana yin kayak da roba da wasu kayan zamani, ana tsere da shi a wasannin Olimfik. Masu ƙera na saukar kogi mai duwatsu suna fama da matsalar nan da muka gani a mashigin Haɗeja: in sun shimfiɗa gindi da kaifin gefe, jirgi ya yi daɗin sarrafawa a kan igiya amma ya ƙara gardama wajen tashi, in sun kewaya shi ya yi sauƙin tashi amma ya yi rawa. A Girinlan kanta, bayan da jiragen inji suka kusa kashe sana'ar, samari suka farfaɗo da ita a shekarun 1980, gasar da suke yi kuwa tana da hanyoyin tashi sama da 30.

Kada dai wani ya ɗauka kayak ya kawar da hatsari. Gino Watkins, Baturen Ingila da ya ƙware a wannan dabara, ya fita farauta a kayak a gabashin Girinlan a 1932, aka sami jirginsa, shi ba a same shi ba.

Mu komo gida. Kwale-kwalenmu a buɗe yake, ba kuma mai ɗaure kansa a ciki. Ba a yi shi domin ya tashi da mutanensa ba, ba kuwa laifin maƙerinsa ba ne, gama ruwanmu ba shi da sanyin kisa, kuma aikinsa ɗaukar kaya da jama'a ne. Amma dokar nauyi ɗaya ce a Girinlan da Haɗeja. Mutumin da ya miƙe tsaye a jirgi ya ɗaga nauyi sama. Buhunan da aka tula aka zauna a bisansu, haka. Shanu ko babur da ba a ɗaure ba, kaya ne masu yawo. Ruwan da ya taru a cikin jirgi ya fi su duka mugunta, domin da jirgi ya karkata sai ruwan ya gudu ya taru a gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danna shi. Shi ya sa yaron nan mai kwasar ruwa da gwangwani, wanda ba mai lura da shi, aikinsa bai gaza na mai sanda ba.

A ganinmu, jirgin katako ya fi hatsari ga baƙo ta wata fuska, domin yana kwantar da hankali fiye da kima. Tun da ba ya rawa, sai a yi ta ƙara mutum, a ƙara buhu, mai fito yana duban kuɗi, fasinja suna duban rana tana faɗuwa. Ku iyaye, kafin ku shiga ku dubi tsakanin bakin jirgi da ruwa. In abin da ya rage bai wuce tafin hannu ba, ku jira sawu na biyu, ko da za a yi muku dariya. Ku dubi ƙasan jirgin ko akwai ruwa kwance. Kada ku yarda da fiton dare ko na lokacin da hadari ya haɗo. In kun shiga ku zauna a ƙasa, a tsakiya, yara a gabanku. In jirgi ya tangaɗa kada ku zabura ku koma ɗaya gefen gaba ɗaya, gama sau da yawa ba tangaɗin farko ba ne yake kifar da shi, gudun jama'a ne. Babbar riga da mayafi in sun jiƙe suna ɗaure hannu da ƙafa, gara a naɗe su tun a gaɓa. Inda akwai rigar ruwa mai hana nutsewa, a karɓa a sa, a fara da yara. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana ta nanata wannan, amma a ƙananan mashigai da yawa rigar ba ta kai ba tukuna.

In kuwa jirgi ya kife, jirgin itace yakan yi iyo ko da ya cika da ruwa, muddin ba kaya mai nauyi ya ja shi ƙasa ba. Wanda bai iya iyo ba ya riƙe jirgin, kada ya riƙe ɗan'uwansa, kada kuma ya yi ƙoƙarin hawa bayansa, don in kowa ya hau gefe guda sai ya sāke mirginawa ya kaɗe su. Jarkar roba da ba kome ciki, in murfinta a rufe yake, gora ce ta zamani, tana riƙe babban mutum.

Wannan magana ta shafi har waɗanda ba za su taɓa zuwa kogi ba. A ƙasar Gumel da Maigatari, kududdufai da ramukan da aka haƙa don gini ko aikin hanya sukan cika da damina. Yaran da ba su saba da ruwa ba sukan faɗa wanka, wani ya hau gungume, wani ya hau jarka, gindin ramin kuwa ba a ganinsa.

Gabas da inda muka tsaya, cikin Jihar Yobe, akwai wani ƙauye da ake kira Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a can, sai ya ci karo da itace mai tauri a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka zo suka bincika, aka tono shi a 1994. Ashe kwale-kwale ne na sassaƙa, na itacen maɗaci, mai tsini gaba da baya. Da aka auna shekarunsa aka iske sun kai kimanin 8,000, shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Tsawonsa ya ɗara mita 8, faɗinsa kuwa rabin mita, wato daidai da faɗin kayak na Girinlan. An kai shi Damaturu aka ajiye. A zamanin da aka sassaƙa shi, Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa, wannan yanki da muke kira sahel kuwa ƙasar ruwa ce da manyan itatuwa.